Shekarar da Aka Tone Gambar Gonar Tudu

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ɗana Nura ya yi ranar da muka taru a gida bayan Sallah. Ya ce bana zai ɗauko tarakta daga Talata Mafara ta yi wa gonar tudu huɗa, amma kafin ta shiga sai an tone ciyawar nan da su Kaka suka dasa lokacin da suka yi faɗa. Babu wanda ya gyara masa magana, domin waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuma da na sani, sai na yi abin da na saba tun ina ƙarama: na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa. Bakina bai taɓa yi mini saurin hannuna ba. Saboda haka ga shi a rubuce, domin ku 'ya'yana da jikokin Baffa Ila, ku karanta kafin taraktar ta iso.

Kun san gonar. Tana farawa daga gindin dutsen nan mai farar ƙasa, ta gangaro a hankali har ta faɗa fadama, inda rijiya take. Wanda bai saba da ita ba zai ce shimfiɗaɗɗiya ce, sai ya ɗauko tulu daga rijiya zuwa sama tukuna ƙafafunsa su faɗa masa gaskiya. A zamanin kakana, wanda duk gida muke kira Tsoho, akwai layukan gamba da suka ratsa gonar daga gabas zuwa yamma. Ba miƙaƙƙu ba ne. Suna lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, wani wuri su matso kusa da juna, wani wuri su ware. Da rani Tsoho yakan yanke su ya saƙa zana, ya bar tushen a ƙasa. Ni a lokacin ina aji uku a makarantar jeka-ka-dawo, kuma aikina ranar da babu makaranta shi ne kai abinci gona. Ba na magana da kowa a hanya, sai dai ƙirge-ƙirge. Na san yawan bishiyoyin gawo daga ƙofar gida zuwa gona, na san gidan tururuwar da ya fi kowane tsawo. Haka na san layukan gambar tara ne.

A ƙasarmu kuwa, gamba a tsakiyar gona ma'anarta ɗaya: iyaka. Idan an raba gado, ita ake dasawa. Idan maƙwabta sun yi rigima an sasanta su, ita ake dasawa. Duk wanda ya wuce ya ga sabon layin gamba, ba ya bukatar tambaya, ya san an raba wani abu a gidan nan.

Tsoho ya rasu bayan an gama sussuka. Ya bar maza biyu, mahaifina Malam Umaru da ƙanensa Baffa Ila, uwa ɗaya uba ɗaya. Gida ɗaya suke, rumbu ɗaya, kuma a akushi ɗaya suke cin tuwo tun suna yara. Tun ba a yi sadakar arba'in ba masu zuwa gaisuwa suka fara sako maganar gona. Ina cikin zaure ina kwashe kwanoni na ji wani dattijo yana cewa:

"Ku kam Allah ya hutasshe ku. Tsoho ya riga ya yanka maku gona tun yana da rai. Sai dai kowa ya zaɓi nashi layi."

Na ga yadda Baba ya matse carbinsa. Bayan mutanen sun tafi ya dubi Baffa Ila.

"Ka ji mi suka cewa?"

"Na ji, Yaya."

"To ni ban ga abin da za a dasa tsakanina da kai ba."

"Ni ma haka. A tone ta duka, kowa ya huta da magana."

Haka aka yi. Da bazara suka kira gayya, aka zo da magirbi da gatari, aka bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya ana tumɓuke tushen gamba, aka tara su aka sa wuta. Gari ya yaba. An yi musu addu'a a masallacin Juma'a, aka ce ga 'yan'uwan da suka ƙi bari ƙasa ta shiga tsakaninsu. Baffa Ila ya fi kowa murna, domin shi ne mai shanun huɗa, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa layukan Tsoho suna sa shi juya garma kowane ɗan taki. Yanzu zai kama daga gindin dutse ya sako shanu har fadama ba tare da ya tsaya ba.

Mutum ɗaya ce ba a tambaya ba, ita ce Iya, mahaifiyarsu. Tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ban da haka, Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana ido da ido. Idan tana son ya san wani abu, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko ta faɗa wa iska. Ranar da aka sa wutar, hayaƙin ya shigo har tsakar gida. Ina ɗakinta ina tsefe mata kai. Ta shaƙi hayaƙin, sannan ta ce:

"Kulu, wanga ba hayaƙin kara ba ne."

"Gamba ce, Iya. Ta gonar tudu."

"Duka?"

"Duka."

A daren ranar na lura ta bar furarta har ta yi tsami.

Damina ta sauka da kyau. Huɗar Baffa Ila ta yi kyan gani, layuka dogaye daga sama har ƙasa kamar an ja su da zare, masu wucewa suna tsayawa su kalla. Ni ce na fara ganin abin da ba daidai ba, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai ce mai tafiya da kai a sunkuye. Bayan ruwa na biyu na ga ruwan da ke fita daga ƙasan gonar ja ne kamar kunun kanwa, alhali a da yakan fito ne garau, a hankali, har kwana biyu yana tsattsafowa. Na ga saiwar gero a waje, fara, kamar yatsun jariri. A tsakiyar gona, inda huɗa biyu suka haɗu, ƙasa ta tsage, tsagar da ƙafata kawai ke shiga. Bayan mako biyu sai da na yi tsalle kafin in ƙetare ta. Da damina ta kankama sosai, aka yi wani ruwa da hantsi, tsagar ta zama kwazazzabon da ya kai ƙugun babban mutum. Duk abin da ya kwaso daga sama, yashi da tsakuwa da takin da aka yi rani ana kaiwa a jaki, ya juye shi a fadama.

Fadamar ba tamu kaɗai ba ce. Rabin da ke kusa da rijiya na Baba Jaɓɓo ne, Bafulatanin da iyayensa suka zauna kusa da mu tun kafin a haifi Baba. Yana noma shinkafa, yana da 'yan shanu, matarsa ce ke kawo wa Iya nono. Washegarin ruwan ya zo zaure. Sun daɗe suna gaisawa, an tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi dabbobi, an tambayi haƙurin rashin Tsoho, har na fara tunanin gaisuwar kawai ya zo yi. Sannan ya ce:

"Malam Umaru, gonarka ta kawo mani ziyara jiya."

"Na ji labari. Allah ya mayar da alheri. Ruwan bana ya yi ƙarfi."

"Bai kai na bara ba. Bara sai da na ɗaga maraƙi a kafaɗa na ƙetare da shi, amma shinkafa ba ta ji komi ba. Bana in kana son ganin shinkafata sai ka zo da shebur."

"Ikon Allah ne, Jaɓɓo."

"Ikon Allah ne. Ni dai na zo in gaya maka ƙasarka tana wurina, in kana bukata."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Baffa Ila ya ce idan an yi girbi za a cike ramin da ƙaya da kara, shi ke nan.

An cike shi, bai hana komai ba. Geron shekarar bai cika rumbu ba. Abin da ya fi tayar wa mata hankali kuwa rijiya ce. Rijiyar fadama ba ta taɓa ƙafewa kafin ruwan fari ba, amma a wannan shekara tun sanyi bai gama fita ba guga ya fara dawowa da laka. Kafin azumi ta bushe ƙaf. Muka koma ɗebo ruwa can wajen hanyar Morai, mu fita da sassafe mu dawo rana ta take. Na fara makara a makaranta. Inna, mahaifiyata, ta fara cewa idan abin ya ci gaba haka sai dai in zauna gida, domin ba za a sha takarda ba. Baba Jaɓɓo kuma aka ji yana shirin kwashe iyalinsa ya koma wajen danginsa a ƙasar Maradun, tunda babu shinkafa babu ruwan shanu.

A cikin wannan ranin ne, ina dawowa daga ɗibar ruwa ta cikin gonar, na yi tuntuɓe. Na sauke tulun na duba. Ba dutse ba ne, wani ɗan tudu ne da bai fi taƙi ɗaya ba, ya miƙe gabas da yamma. Ƙasar da ke samansa baƙa ce mai laushi, ta ƙasansa fara ce mai tsakuwa. Na bi shi da ƙafa, na ga yana lanƙwasa. Wurin tsohon layin gamba ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne, duk tsawon tafiyar nan ban ji ina hawa ba, ban ji ina gangara ba. Na gwada na gaba, haka. Na gwada duka taran, kwana uku ina yi, kullum Inna tana faɗan na daɗe. A bayan littafin lissafina na zana gonar, na ja layukan yadda suke, na ja kwazazzabon da jan biro yadda ya keta su. Sannan na rubuta a ƙasa abin da ya hana ni sukuni: layi tara, 'ya'ya biyu.

Iya na kai wa. Ta gama takaba tuni. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta kai ta kusa da ido, ta sa yatsa a kan layi na uku.

"Nan ne na fasa tulu," in ji ta.

Sai ta ba ni labari. Tana amarya, gonar nan ba ta haifar komai, ruwa yana wanke ta kowace shekara, shi ya sa ma aka bar wa Tsoho ita. Shi ne ya samo doguwar gora miƙaƙƙiya, ya riƙa kwantar da ita a ƙasa yana ɗora ƙwarya cike da ruwa a tsakiyarta. Idan ruwan ya karkata gefe guda, sai ya matsar da bakin gorar sama ko ƙasa, har ruwan ya tsaya daidai da bakin ƙwarya ko'ina. Sai ya kafa turke a kowane baki, ya matsa gaba. Ita ce mai ɗauko ruwan, domin kowane matsawa sai an zubar an ƙara. A kan turakun nan ya dasa gamba.

"Cewa ya yi ruwa baƙo ne mai sauri, shi kuma so yake ya ba shi wurin zama tara kafin ya isa fadama. In ya zauna ya aje ƙasar da ya ɗauko, ya nutse, da rani mu same shi a rijiya. Mutane sunka yi ta dariya suna cewa ya raba gona tun bai haihu ba."

"Iya, don me ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ma wa? Ila ba ya jin magana in shanu suna gabanshi. Ɗayan kuwa kin sani." Ta miƙo mini takardar. "Ke za ki gaya mai."

Na yi kwana shida da takardar a cikin hijabina. Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai dai gaisuwa. A rana ta bakwai, da na kai musu tuwon rana, sai na ninke ta na ɗora a kan faifan da ya rufe akushin, na fito da sauri na laɓe bayan zana. Baba bai yi boko ba, amma manomi ba ya ɓatan gonarsa ko a takarda. Can sai na ji ya kira ni.

"Wa ya zana wanga?"

"Ni ce, Baba."

"Mi ne ne jan nan?"

"Ramin."

"Waɗannan fa?"

"Gambar Tsoho. Tara ce, Baba. Ku kuma ku biyu ne." Tunda na fara sai na ƙarasa. "Kuma duk wadda na bi, ba a hawa ba a gangara."

Baffa Ila ya yi dariya ya ce 'yan boko sun fara koya wa manoma noma. A daidai lokacin sai muka ji muryar Iya daga bayan katangar zaure. Akuyarta take yi wa magana, da ƙarfi yadda ko na kan hanya zai ji.

"Ke dai ci dusarki. Ina ruwanki da mutanen da sunka ga ciyawa sunka ce iyaka ce. Mutum ya yi shekara uku da gora da ƙwarya yana tare ruwa, anka tone rana ɗaya anka yi addu'a a kai. A dai gaya ma mai gidan nan, in yana son rijiya, ƙwaryar tana nan ban fasa ba."

Baba ya sunkuyar da kai kamar yaro. Bai ci tuwon ba. Da la'asar na hango shi shi kaɗai a gona, yana bin layi na uku daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, ya sake bi.

Ku da kuka taso yanzu za ku ce ai magana ta ƙare, sai a mayar da gamba. Ba ku san nauyin abin ba. Mutumin da aka miƙe a masallaci aka yaba masa don ya tone iyaka, shekara guda kacal a gan shi yana dasa ta, babu bayanin da zai shiga kunnen gari. Baffa Ila ya fi Baba ganin haka, kuma ba ƙarya ya faɗa ba.

"Yaya, bara anka yi muna addu'a. Bana mu fito mu dasa gamba? Wa za ka bi gida gida ka gaya mai don ruwa ce? Cewa za a yi gero ya yi kaɗan, Umaru ya kori ƙanenshi."

"Su ce. Jaɓɓo zai tashi, Ila. Shekara nawa muna tare da mutanen nan? Yarinyar ga za ta bar makaranta don ruwa. In anka ƙara damina biyu haka, ba abin da zai rage da za a ce an raba ko ba a raba ba."

"To ni hannuna ba ya dasa gamba tsakanina da kai. In ka dasa, kai ka dasa."

"Ba tsakaninmu za ta bi ba."

"Ido bai san haka ba."

Baba ya dasa. Abin da hakan ya jawo masa shi ne wannan: tun daga ranar Baffa Ila ya daina zama a kan akushi ɗaya da shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi. Amma tuwonsa a ɗakinsa ake kai masa, shanunsa kuma ya riƙa fita da su huɗar haya a gonakin wasu har wajen Bakura. Da Baba ya kira gayya babu wanda ya zo, domin ba mai son a ce da hannunsa aka raba 'yan'uwa. Baba Jaɓɓo kaɗai ya zo da iyalinsa, jakuna biyu ɗauke da tushen gamba da ya tono daga bakin makiyayarsa. Ya ce ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi, ya ga ƙarshen wannan hauka tukuna.

Iya ta fito da ƙwaryar. Rabonta da gonar tudu ya fi shekara ashirin. Inda ruwa ya shafe alamar tsohon layi, can ake kwantar da gora. Ni ce mai durƙusawa in duba ruwan, domin idona ya fi na kowa. Iya tana tsaye nesa kaɗan, ta juya wa Baba baya, tana ba da umarni ga sararin Allah.

"A gaya ma mai riƙe da gorar can ya ɗaga bakin kaɗan. Ba haka ba. Wa ya koya ma mutanen nan aiki?"

Baba Jaɓɓo yana dariya har yana riƙe ciki, Baba kuma yana ɗaga gorar yana cewa, "To, Iya." A cikin kwazazzabon muka jera duwatsu wuri-wuri, muka kafa turaku muka saƙa rassan geza a tsakaninsu. Huɗa kuwa Baba da hannu ya yi ta, da garmar hannu, yana bin lanƙwasar layukan. Tafin hannunsa ya fashe, Inna tana shafa masa man kaɗanya.

Kada ku ɗauka abin ya gyaru nan da nan. Gambar ƙarama ce, ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da rabin layi na shida da na bakwai, muka sake dasawa. Ya ture duwatsu, muka sake jerawa. Gari kuwa ya yi maganarsa. A makaranta wata ta tambaye ni ko gaskiya ne an gina katanga a tsakar gidanmu. Baba ya daina zama dandali bayan sallar la'asar. Amma zuwa ƙarshen damina ruwan da ke fita ƙasan gonar ya sauya daga ja zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, kuma a bayan kowane jerin duwatsu laka ta kwanta har tana tsirar da ciyawa. Rijiyar ta sake ƙafewa a wannan rani, sai dai ta kai mu har bayan ƙaramar Sallah. Inna ba ta sake maganar zaman gida ba.

Akwai abin da na gani a wannan damina wanda Iya kaɗai na faɗa wa. Duk washegarin babban ruwa, idan na je gona da wuri, nakan tarar da sawun mutum a bayan layi na uku. Takalmin taya ne, na ƙafar hagu yana da tsaga a dunduniya. Sawun yakan bi layin, ya tsaya inda laka ta taru, in ga ramin yatsa inda aka tsoma aka gwada zurfinta. Wata rana ma na tarar an gyara dutsen da ya goce. Ni nake share ƙofar ɗakin Baffa Ila, na san takalminsa. Da na gaya wa Iya, ta ce, "Ki bar shi. Haka ubanshi yake, sai ya gama zagaye yake shigowa ta ƙofa."

Damina ta biyu ta zo. Gamba ta kama, ta yi duhu. Wata safiya na kai koko gona, Baba yana huɗa shi kaɗai a layi na biyu kusa da hanya. Baffa Ila ya fito da shanunsa zai wuce wajen haya. Sai ga wani mai yawan barkwanci daga dandali a kan keke, ya tsaya ya sa ƙafa ƙasa. Bayan gaisuwa ya ce:

"Malam Umaru, ban gane rabon ga ba. Wane yanki anka ba Ila? Ko dutsen ne nashi?"

Baba bai ɗago ba. Baffa Ila ne ya ja igiyar shanu ya tsaya.

"Kai, ka iya ƙirga?"

"Na iya."

"Ƙirga layukan nan."

Mutumin ya ɗaga yatsa ya ƙirga. "Tara."

"Mu nawa Tsoho ya haifa?"

"Biyu."

"To je ka nemo sauran bakwai ɗin, in ka samo su sai a yi rabon. Kafin nan ka matsa da kekenka, shanu za su shiga."

Ya juya shanun ya shigo gonar. Ya sa garma a bakin layi na biyu, shanun da suka saba da miƙewa suka nufi gangare kai tsaye, ya ja su suka turje. Ya gwada sau biyu. Sannan, ba tare da ya dubi Baba ba, ya ce:

"Yaya, ba su san lanƙwasa ba. Sai an ja su."

Baba ya ajiye garmar hannu, ya goge tafinsa a riga, ya kama igiyar. Haka suka yi huɗar ranar, babba a gaba yana jan shanu kamar ɗan aike, ƙarami a baya yana riƙe da garma yana mita cewa Tsoho ko hanya ɗaya bai iya miƙewa ba. Kokon da na kawo a kwano ɗaya yake, ludayi ɗaya. Na ajiye shi a gindin gawo na koma nesa. Da na dawo ɗauka babu komai a ciki, Baffa Ila ya miƙo mini ya ce, "Ungo, mai takarda. Gobe a ƙara, mu biyu ne."

Rijiyar ba ta sake ƙafewa ba daga shekara ta uku. Kwazazzabon ya cike a hankali, inda yake a da nan ne yanzu kuke tsinkar kuɓewa. Baba Jaɓɓo bai tashi ba, jikokinsa ne kuke gaisawa da su a fadama. Na gama makaranta. Amma maganar gari ba ta mutu ba, domin waɗanda suka ga an dasa gamba sun fi waɗanda suka ga an sha koko yawa, har ta zo ta fito daga bakin ɗana.

Nura, ban hana ka tarakta ba. Baffa Ila ma da ya ga irinta da ya fi ka murna. Amma ka gaya wa direban ya bi lanƙwasa, in ya ce ba ta iyawa, ka sallame shi ka nemo shanu. Kafin ka yanke shawara ka je bayan layi na uku ka tsoma hannunka a ƙasa, sannan ka taka zuwa gabansa ka sake tsomawa. Na ga layi na bakwai ya yi giɓi wajen yamma tun bara. Ƙwaryar Iya tana ɗakina a kan kabad, an ɗinke ta wuri biyu amma ba ta yoyo. Idona bai kai na da ba, sai ɗaya daga cikin 'yan matanku ta durƙusa ta duba ruwan. Ku dai ku zo da gora.